Mai na Saye, Mai na Sayarwa

A layinmu ba mai kiransa da sunansa na gaskiya. Ni-Hau muke ce masa, tun ranar da ya dawo daga karatu a ƙasar Sin ya gai da mai wanki da "ni hau", wai sannu ke nan a bakin mutanen can. Mai wanki ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "To hau mana, wa ya riƙe ka?" Suna ya zauna daram.

Mutum ne da kujera ba ta san ɗuminsa ba. A tsaye yake cin abinci, yana waya yana zagaya tsakar gida, ko aski ya je sai an dafe masa kai. Manhaja yake haɗawa, irin ta waya, don 'yan kasuwa masu zuwa saro kaya su koyi Sinanci. Ka faɗi kalma, waya ta saurara: in ka dace ta nuna kore, in ka kauce ta nuna ja. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, mun sha "ma, ma, ma" har matata ta leƙa ta tambaya ko akuya suka saya.

Yayansa, mai shagon kayan waya, shi ne ya gaji. A gaban mahaifiyarsu ya ce, "Ƙungiyar 'yan kasuwa za ta saurare ka ranar Asabar. In sun karɓa, Allah ya taimaka. In sun ƙi, ka rufe kwamfutar nan ka zo ka tsaya mini a kantar shago." Ni-Hau ya amsa da baki kawai. Wuni guda a bayan kanta, gara a ɗaure shi da igiya.

Ranar Asabar ya riga kowa zuwa zauren ƙungiya. Ya jera kujerun roba, ya wargaza, ya sake jerawa. Ya kunna majigi, ya kashe. Da aka cika, ya hango Yaya a can baya yana juya makullin shago a yatsa.

"Kalmar farko da ɗan kasuwa ke buƙata ita ce mai," in ji Ni-Hau.

"Na girki ko na mota?" wani ya tambaya.

Ni-Hau ya jira dariya ta lafa. Ya ce harshen nan da murya yake tafiya, kamar yadda wuyan riga daban, wuyar aiki daban. In muryarka ta nutse ta taso, saye kake nufi. In ta faɗo tim, sayarwa ce.

Shugaban ƙungiya ya miƙo hannu. Dattijo ne mai ƙaton ciki, wanda muryarsa ba ta taɓa roƙon kowa ba. Ya kai waya baki ya ce, "Mai."

Bangon da majigi ke haskawa ya yi ja: Ka sayar.

Ya gyara babbar murya ya maimaita. Ka sayar. Ya ƙara. Ka sayar.

"A hankali, ranka ya daɗe," in ji mai tambayar ɗazu, "kar ka haɗa da mu."

Shugaba bai yi dariya ba. Ya dangwarar da waya a tebur. "Ɗana, abin nan naka bai nuna ba, ɗanye ne."

A baya, makulli ya daina juyawa. Yaya ya ɗaga shi sama yadda ƙanensa zai gani da kyau.

Ni-Hau ya dubi wayar. Ya san wani maɓalli da in ya taɓa, ko tari ka yi kore za ta nuna. Yatsansa ya je kai, ya dawo. Ya yi taku zuwa taga, ya komo. Dattijon nan ba kunne ya rasa ba, umarni ne ya cinye masa murya.

"Ranka ya daɗe, in ka koma gida a makare ka ce wa Hajiya taro ne ya riƙe ka, me take cewa?"

 Shugaba ya sosa gemu, ya dubi mutanensa. "Cewa take, 'Taaro?'" Muryar ta nutse ta taso, har da ɗaga gira.

"To da muryar Hajiya za ka faɗa."

Shugaba ya ɗauki waya, ya karkata kai. "Maai?"

Bango ya yi kore shar: Ka saya.

Dariya ta ɓarke, don kowa a wurin yana da mai yi masa irin wannan tambaya a gida. Kafin ka ce me, wayoyi sun fito daga aljihu.

"Sa mini a tawa," in ji Shugaba. "Amma kar ka sa wa Hajiya. Ita ta riga ta iya."

Yaya ya cusa makulli a aljihu, ya ce ko ranar Asabar ce a riƙa leƙo shago. Ni-Hau bai ji ba, ya riga ya kutsa cikin kujeru.

Har yanzu bai koyi zama ba. Mu kuwa mun huta da akuya. Yanzu manyan magidanta ne ke cika masa ɗaki da yamma, muna jin su ta katanga suna "maai?" kamar matan da aka yi wa ƙarya.