Ƙahon da Jininsa Ya Ƙi Tsayawa

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da kakar audugar da na kusa kashe babana ba. Lokacin ina sabon malamin firamare a ƙauyenmu kusa da Malumfashi, ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Ga gajeren wando, ga biro a aljihu, ji nake duk garin ba mai ilimina.

Gwiwar Baba ta kumbura, ga auduga ta buɗe a gona. Na je Funtua na sayo kwalbar asfirin. Mai kanti ya ce biyu-biyu, bayan an ci abinci. Ni kuwa na ce biyu ai na Bature ne mai zaman ofis, manomi sai huɗu. Haka na dinga ɗura masa safe, rana da yamma. Kumburi ya sace, na shiga taƙama kamar ni na haɗa maganin.

Sai Baba ya kira wanzamin garinmu ya yi masa ƙaho, wai a fitar da sauran mataccen jini. Aka cire ƙaho, jini ya ƙi tsayawa. Aka ɗaure da tsumma, tsumma ya jiƙe. Mutane suka fara cewa tsufa ya kama wanzami, ya tsinka jijiya. Dattijon wanzamin ya dube ni ya ce, "Malam, shekara talatin ina wannan sana'a, ban taɓa ganin jini tsararo haka ba. Me yake sha?"

Na ce, "Fura." Wallahi haka na ce, don tsoro.

Motar auduga ta kai mu asibiti. Can ma'aikacin jinya ya titsiye ni har na fito da kwalbar. Ya ce maganin da ke kwantar da kumburi shi ne ke hana jini daskarewa. Baba ya warke, amma mako uku ba wanda ya kai wa wanzami ko gemu.

Kunya ta hana ni barci. Ranar kasuwa na je rumfarsa na faɗi gaskiya a gaban jama'a. Bai zage ni ba. Ya ce, "Zauna in yi maka aski, su gani." Na zauna a tabarmarsa, askarsa na yawo a ƙeyata, ina ta karanto addu'a a zuci.

A kan tabarmar nan na koyi cewa iya karanta takardar kwalba bai mai da ni likita ba, kuma ƙaryar da na yi don in tsira, wani ne ya kwana da yunwa a kanta.