Babbar Rigar Alhaji Mamman a Cikin Coci

Har yau ban manta da wata ranar Lahadi a Disamban 2007 ba, shekarar da Babbar Sallah ta zo dab da Kirsimeti. Lokacin ina da shagon shadda da riguna a titin High Point Road, a nan ƙasar Turawa.

Anti Saratu, 'yar Jos da ke sayen atamfa a wurina, ta zo neman aron manyan riguna uku. Cocinsu zai yi opera, wato wasan da komai da waƙa ake faɗinsa. Ta ce asali don talabijin aka rubuta shi, kan wasu sarakuna uku da suka kwana gidan wata matalauciya a hanyarsu ta zuwa ganin Annabi Isa yana jariri.

Biyu na ba ta daga shago. Sarki na ukun kuwa wani ƙaton Bature ne, babu rigar da ta shige shi. Sai na je wurin Alhaji Mamman, dogon Bazindire, na roƙe shi rigarsa mai aska takwas.

"Da ita zan je Idi fa," in ji shi.

"Ni na tsaya, Alhaji. Ko zare ba zai fita ba."

Ranar wasan na zauna a layin gaba kusa da Anti Saratu. Sarakuna suka shigo suna rera waƙa. Da na ukun ya shigo, sai na ƙura wa rigar ido. Rigar ba ta da hannuwa. An datse su daga kafaɗa, an kalmashe bakin tsaf.

"Anti, me nake gani?"

"Wayyo Yesu! Ban sani ba, Malam Sani!"

Ashe babu wanda ya nuna wa Baturen yadda ake naɗe hannuwan babbar riga a ɗora a kafaɗa. Wurin gwajin wasan ya yi ta taka su yana tuntuɓe, sai tsohuwar da ke ɗinka musu kayan wasa ta sa almakashi. Har murmushi take mini, wai ta gyara.

Washegari na kai wa Alhaji rigarsa da guntayen a leda. Ya daɗe yana shafa aikin wuyan.

"Shi sarkin, me ya kai wa jaririn?"

"Zinariya."

"To, ni na kai hannun riga."

Bai yi dariya ba. Da jallabiya ya je Idi, kuma sai da azumi ya kama ya sake taka shagona.

Ku da kuke fara sana'ar nan: a ƙasar nan, kada kayanmu ya bar hannunku sai kun nuna yadda ake sa shi. Kuma kada ku tsaya wa kayan wani a wurin da ba za ku kasance ba.