Abin da Ɗan Inna Ya Faɗa a Gaban Kwamiti

Shekara goma ke nan da rasuwar ɗana na fari. Ba zan rubuta sunansa ba, kuma kada mai gyaran jarida ya ce zai ƙara mini. Ban kira shi yana raye ba, ba zan fara yanzu don na iya riƙe biro ba. Ɗan Inna nake ce masa, saboda Inna, uwar mijina, ita ce ta ɗauke shi tun daga yaye, shi kuma Adda yake ce mini, kamar yayarsa, har ya koma ga Allah. Haka na tashi na tarar a Adabka inda aka haife ni, haka na tarar a Bagega inda na yi aure. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a zama hira da shi. In ya shigo ta nan, uwarsa ta bi ta can.

Kada a ɗauka ban san shi ba. Injin niƙa yake da shi a bakin kasuwa, kuma daga madafina ina jin ƙararsa. In ya tayar da inji da wuri na san ya kwana lafiya. In na ji yana kashewa yana kunnawa, na san wata tsohuwa ce ta tsare shi da gardama a kan garinta bai yi laushi ba. Da yamma ya dawo gira da gemu fari fat da garin dawa, Inna ta ce ga mijinta ya tsufa, ya ce ai ita ta tsofar da shi. Ni ina ciki ina dariya ba sauti. Bagega ta lokacin gari ce mai daɗin zama. Mata su kawo nono daga ruga da hantsi, a je gona har nesa a dawo bayan la'asar ba wanda ke waiwaye.

Sai zinare ya zo. Aka riƙa shigo da duwatsu cikin gidaje, mata suna dakawa a turmin da suke dakan fura. Shi ma ya kafa inji na biyu don niƙan dutse. Ba zan yi ƙarya ba, mun ji daɗi. An yi rufin kwano, an sayi babura, wanda bai taɓa yanka rago ba ya yanka. Daga baya yara suka fara shiɗewa. Likitoci suka zo suka ce gubar dalma ce, tana cikin ƙurar da muke shara kullum. Ɗansa namiji ya tafi a cikin waɗanda suka tafi. Ɗiyarsa Balkisu ta sha magani ta tashi.

A wannan halin ne aka ce wani kwamiti na majalisa zai zauna a birni ya ji ta bakin mutanen da abin ya shafa. Dattawan gari suka zaɓe shi, saboda ya yi sakandare yana jin Turanci. Suka ba shi saƙo kamar yadda ake ba ɗan aike: ya roƙi magani, ya roƙi a kwashe ƙasar da ta gurɓace. Maganar injuna kuwa, kada ya taɓa ta.

Da ya dawo ya zauna a ƙofar ɗakin Inna yana ba ta labari. Na tashi na koma bayan ɗaki, kamar yadda na saba. Abin da kawai ya iso kunnena shi ne dariyar Inna, da yake faɗa mata wani ɗan ɗaki da ke hawa sama da mutane a cikinsa. Ba a daɗe ba aka hana niƙan dutse a cikin gari, sai raɗe-raɗi ya tashi cewa shi ne ya kai ƙarar mutanensa. Wasu suka daina kai masa ko da dawa, suna wuce injinsa da ƙwarya a ka. Bai taɓa tsayawa ya kare kansa ba. Bayan 'yan shekaru zazzaɓi ya kama shi da damina, hanya ta ƙi biyuwa, kafin a fito da shi Anka rai ya yi halinsa. Inna ta bi shi ba da jimawa ba, ta tafi da labarin.

Da zama ya gagara saboda 'yan bindiga muka dawo cikin garin Anka, a nan na shiga ajin yaƙi da jahilci ina da furfura. Balkisu kuwa ta yi nisa, tana makarantar koyon aikin lafiya. Bara ta je biki Gummi, wata 'yar garinmu ta nuna ta a tsakiyar mata ta ce ga ɗiyar wanda ya toshe wa Bagega abinci. Ta dawo ko mayafi ba ta cire ba.

"Kaka, mi Babana yac ce musu?"

"Ban sani ba."

"Ke da kinka haihe shi?"

"Ni da na haife shi. Shi ya sa ban sani ba."

Sai ta ce ai duk abin da aka faɗa a majalisa rubuta shi ake yi, kuma ana sa wasu a intanet, kowa na iya dubawa. Na ce to mu duba. In ya faɗa mu sani, in sharri ake masa ni da ƙafata zan je Gummi.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Ta aro kwamfuta wurin ƙawarta, muka shimfiɗa tabarma a gindin katangar da waya ta fi samun layi. Ta sa sunansa. Duk wanda ya san Zamfara ya san sunan da muke sa wa ɗan fari, don haka sai ga masu sunan rututu, wannan ɗan majalisa, wancan ɗan kwangila. Ta sa sunan gari, muhawara ta fito shafi kan shafi, wannan ya miƙe ya yi jimami, wancan ya miƙe ya goyi baya. Tana fassara mini, ina jin yadda aka yi ta ambaton garinmu a ɗakin da ban taɓa gani ba. Amma a babban zaure 'yan majalisa kaɗai ke magana. Irin su Ɗan Inna sai a rahoton kwamiti, shi kuma rahoton ba a samunsa sai an san lokacin da aka yi zaman. Ta ce wace shekara, wane wata? Na ce ni ban san watan Bature ba a lokacin, amma an gama yankan gero ba a fara na dawa ba, kuma naman layya bai ƙare a gidan ba.

"Tsohuwa, kwamfuta ba ta san naman layya ba."

"To ke da kika sani sai ki gaya mata."

Ta lissafa shekarar da babbar Sallah ta faɗo a kaka, muka bi rahotannin wannan tsakanin ɗaya bayan ɗaya. Ranar da muka same shi, ni na riga ta gani. Turancin ban iya ba, amma sunan na karanta shi da kaina, ga sunan ubansa, ga Bagega a gefe. Ta ce in karanta mata da ƙarfi ta ji ko makarantar tawa ta yi amfani. Na ce ta kiyaye ni.

Bayanin bai fi tafin hannu ba, kuma da bakin magatakarda aka rubuta shi. Ya roƙi magani. Ya roƙi a kwashe ƙasa. Sannan ya ce a hana niƙan dutse a cikin gari, a fara da injinsa, amma a ware wa mutane wuri a bayan gari su ci gaba da neman abincinsu. Wani ɗan kwamitin ya tambaye shi ko mutanen garinsu ne suka aiko shi da wannan. Ya ce a'a, biyun farko ne aiken, na ƙarshen nasa ne.

Balkisu ta ce, "Ashe da gaske na."

Na ce da gaske ne. Ya wuce aike, kuma a wurinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Dattawan da suka yi fushi suna da hujjarsu, akwai gidajen da tukunyarsu ta yi sanyi bayan nan. Amma mutumin da ya binne ɗansa, ɗiyarsa tana kwance, aka ce ya je ya roƙi magani ya bar ƙurar tana tashi, ban ga yadda zai yi ya rufe baki ba. Da ya rufe, da ni ce zan ji kunyarsa.

Ina yawan tunanin abin da zai ce da ya ga yau. Gonakin da ba a zuwa, da hanyar da ake bi da addu'a, da haƙar da har gobe ba a daina ba. Na san zai yi baƙin ciki. Amma da ya ga Adda da tabarau tana bin layi da yatsa, sai ya fita waje ya yi dariyarsa don kada in gani.

Injin an sayar, gidan Bagega ban san halin da yake ciki ba, waɗanda suka ji muryarsa suna ta raguwa. Abin da ya saura shi ne wannan guntun bayani da ba wanda zai iya ƙara masa ko rage masa, sai kuma yarinyar da ta rayu. Ta tambaye ni abin da za ta ce in an sake nuna ta a taro. Na ce kada ta musa, kada ta sunkuyar da kai. Na ce ta ce musu e, ya faɗa, kuma da injinsa ya ce a fara.

Allah Ya yi masa rahama, shi da yaran da suka riga shi.