Haƙoran da Na Shanya wa Auta

Ta ci! Wallahi ta ci! Maƙwabciya, ajiye bokitin nan ki zo ki ji, Autarmu ta zama likitar haƙori!

Yarinyar nan ni na goye ta. Tun tana ƙarama ba ta barin abu sai ta ga cikinsa, rediyon Baba ma bai tsira ba. Ni daga aji shida na hau keken ɗinki, ita kuwa ta yi ta gaba.

Aikinta na ƙarshe a makaranta, haƙoran da aka cire wa mutane take tarawa. Sai ta rarake jijiyar ciki, ta cike ramin, wasu da wannan magani, wasu da wancan, sannan inji ya danne su har saiwar ta tsage. Wai a gane maganin da ya fi hana haƙori fashewa. Wata biyar ta yi kafin ta haɗa sittin, a kwalabe, ƙarƙashin gadonta.

Ran nan ta yi tafiya, ina shara na gan su cikin wani ruwa duk ya gurɓace. Na ce kai, ƙazanta! Na wanke su tas da sabulu, na baza a faranti, kwana uku suna shan rana.

Da ta dawo ta tsaya kan farantin, ta ɗauki ɗaya ta duba. Sai ta ce, “Yaya, haƙori in ya bushe, da an taɓa shi sai ya fashe. Waɗannan ba za su gwadu ba.”

Na ce, “To mu jiƙa su mana.”

Ta yi dariya, hawaye na zuba. “Sai ka ce wake?”

Saura wata biyu a rufe karɓar aiki. In ta rasa, sai baɗi. Ba ta ƙara ta da maganar ba, abin da ya fi ci na ke nan. Na rufe keke, na ɗauki kwalba da ruwan gishirin da ta haɗa min, na bi asibitoci ɗaya bayan ɗaya ina roƙo. Har wata nas ta sa min suna Uwar Haƙora. Arba'in da takwas na samo. Malaminta ya ce ta gwada da su, amma shi bai yi alkawarin za a karɓa ba.

Ɗazu ina cikin sa zif, waya ta yi ƙara.

“Yaya, kina zaune?”

“Ke, faɗi, kar ki kashe ni!”

“Sun karɓa. An liƙa sunaye, nawa na ciki. Yaya, rage ihun mana, kunnena!”