Na'urar da Nicodemus Ya Ɗaura a Ƙugu

Shekara tara ina buga ganga a bayan Nicodemus, saboda haka ƙeyarsa na fi sani. Shi ne mai bes a ƙungiyarmu, wato babbar jitar nan mai tsirkiya huɗu da ake jin amonta a ƙirji. Bamargi ne daga wajen Lassa. Ya zo Maiduguri yana saurayi, ya kama gyaran fanka da dutsen guga a wata rumfa a Bulabulin, Asabar da Lahadi kuma ya bar wa kiɗa. Mutum ne mai son a gan shi, har a gaban idonsa nakan faɗa masa haka. Bai iya kiɗa a tsaye cik ba, sai ya taka, ya juya, ya sauka cikin masu rawa iyakar inda waya ta bar shi.

A shekarun tashin bam ya rasa ƙafar hagu daga gwiwa. Tasha ya je karɓar saƙon wake daga gida, shi ke nan. Bayan kusan shekara ya dawo mana da ƙafar roba, da doguwar riga da wando mai faɗi don kada a gane. Hannun yana nan yadda yake. Amma ƙafar roba ba ta jin waya idan ta naɗe ta. Sau biyu yana faɗuwa a dandamali, na biyun ma har ya jawo sifika ta kusa danne mawaƙiyarmu.

Wilson, shugaban ƙungiya, ya kira shi gefe ya ce, "Nico, ka yi haƙuri. Ko ka zauna a kujera, ko mu nemo wani."

"Kujera ta tsofaffi ce," in ji Nicodemus. "Ba ni sati biyu."

Ba ƙin kujera kawai yake yi ba. Wata goma sha ɗaya ya yi a zaune ana kawo masa ruwa, kuma a wajensa ranar da ya zauna da jita a cinya, ranar masu bam suka gama da shi.

Ni na raka shi shagon Abdulmutallib, Babarbaren da ke sayar da kayan sauti. Ya fito mana da wayales iri biyu, wato na'urar da ke kai sautin jita ba tare da doguwar waya ba. Na farko ƙanana ne kamar babban yatsa, ɗaya a cusa a jikin jita, ɗaya a amfilifaya, akwatin ƙara sauti.

"Wannan sauƙi yana da shi, Oga Nico," ya ce. "Amma wajen biki, wayar hannu ɗari biyu a aljihun mutane, sauti zai riƙa yankewa. Kuma caji yake so. Ina wutar?"

Na biyun akwati ne baƙi kamar kwalin sigari, da ɗan eriya da gajeriyar waya zuwa jita. Batirin rediyo yake ci. Nicodemus ya jona, ya fita titi yana kaɗawa, har ya kai gindin dalbejiyar tsallake, bes ɗin yana ta gurnani a cikin shago ba gargada. Ya dawo yana dariya kamar yaro. Rabon da in ga haƙoransa haka tun kafin asibiti.

Da za mu tafi Abdulmutallib ya riƙo hannunsa. "Ka maƙala a madaurin jita, inda kowa yana gani. Garin nan ne fa."

"Wa bai san ni ba a garin nan?" in ji Nicodemus.

A bel ɗinsa ya maƙala, ƙarƙashin riga. So yake mutane su yi ta leƙen ta ina sautin ke bi. Ni kuma na ji gargaɗin da kunnena na yi shiru, don ban so in ɓata masa farin ciki. Har yau abin yana cina.

Bikin 'yar wani malamin makaranta ne, Asabar bayan azahar, zauren cike da Kirista da Musulmi. A ƙofa masu gadi suna bin kowa da sandar bincike. Shi sun saba da shi, kullum sandar tana kuka saboda ƙarfen ƙafarsa, sai suka ce, "Wuce, mai jita." Waƙa uku ya yi a dandamali. A ta huɗu, da amarya ta fito, ya sauka cikin mutane, ya yi nisan da bai taɓa yi ba. Daga inda nake ina hango shi yana juyi a tsakiyar mata, ana ta guɗa. Sai ya ɗaga jitar sama, rigar ta biyo ta.

Wata mata ta ga baƙin akwati a ƙugun mutum, da waya, da jar fitila tana ƙiftawa. Kalma ɗaya ta faɗa: "Bam!"

Wanda bai zauna a Maiduguri ba zai ce ai ga jita a hannunsa, ai mintin da ya wuce suna rawa da kiɗansa. Ba a tunani a irin wannan lokaci, ƙafa ce take yanke hukunci. Ni kaina da na san abin, sai da na tsinci kaina a bayan ganguna a kwance. Kujeru suka tashi, ƙofa ɗaya ce a buɗe. Nicodemus ya kai hannu ƙugu don ya ciro na'urar ya nuna musu, kuma wannan ne mafi munin abin da zai iya yi. Samari uku suka yi kansa, ɗaya ya kama kujerar ƙarfe ya sauke a hannun. Kafin mu ratsa mu isa, ƙafar robar tana can gefe guda, shi yana ƙasa yana cewa, "Jita ce, jita ce." Wata tsohuwa daga dangin ango ta karye a ƙugu wajen turmutsutsu, ba ta sake takawa ba.

An ɗora hannun, amma yatsu uku na hagu suka sandare. Da su ake danne tsirkiya. Samarin sun zo rumfarsa da iyayensu neman gafara. Ni da na samu dama da na kore su da sanda, shi kuwa ya ce musu, "Da ni ne a wajenku, da abin da zan yi ke nan." Bai faɗa don kirki ba, gaskiyarsa ya faɗa, shi ya sa maganar ta fi ciwo.

Watan jiya Wilson ya kawo masa Pindar, sabon mai bes ɗinmu, don akwai waƙoƙin da ba wanda ya san hanyarsu sai shi. Ina wurin da gangata. Pindar ya miƙa masa jitar don ya gwada masa. Nicodemus ya karɓa, ya ɗora yatsun, ya daɗe yana kallonsu, sannan ya mayar masa.

"Riƙe," ya ce. "Zan yi maka da baki."

Ya rufe ido ya fara, dum, dum-dum, dum, Pindar yana bi. Da aka zo inda ganga take shiga, duk suka juyo suna jirana, ni kuwa na kasa ɗaga hannu.