Masu Shaidar Shafin Hadiza

Jikata Hadiza ta tarar da ni a zaure ina ta latsa waya.

Ita kaɗai ke zaune da ni tun rasuwar kakarta. Ta buɗe shafin intanet tana sayar da zumar garinmu Fakku, amma in an bincika, can ƙarshe ake ganinsa. In ciniki bai zo ba, Sakkwato za ta tafi neman aiki. Shi ya sa kullum nake buɗe shafin, wai ko ya hau sama.

Ta yi dariya. "Angona, wanga ba shi ɗaga shi. Sai shafuna masu mutunci sun sa linkina, wanda in an latsa a faɗo wurina. Injin bincike shaidarsu shika dubawa."

Na ce, "Awo! Kamar sadda nij je Sanyinna neman kakarki. Ba a tambaye ni komi ba, sai wa as san ni."

"To, kai wa ash shaide ka?"

"Abokaina."

Duk sun riga mu gidan gaskiya.

Ku masu shafuna, ni na shaidi yarinyar nan da zumarta, amma injin bai san ni ba. Wa zai ara mana tasa shaidar?