Fursuna Na Huɗu

Yayana Mervyn Tulloch bai taɓa son hoto ba. Ko ranar bikina sai da ya laɓe bayan motar faston da ya ɗaura auren. Yau fuskarsa ce a kan riguna da kofunan shayi da ake sayarwa a ƙofar tsohon gidan yarin Tarrawong, kuma a cikin masu saye babu mai iya faɗin sunansa. Ni ce Noreen, ƙanwarsa. Ni na dafa wa 'yan fim ɗin da aka yi a gidan yarin abinci wata uku, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi a bakin wani ba.

Merv, yadda kowa ke kiransa, askin tumaki ne sana'arsa. Dogo ne, mai faɗin hannu, ba ya son surutu. A shekarar 1959 manajan wata gonar kiwo ya harbe karensa a gabansa, wai ya razana raguna. Merv ya yi masa naushi ɗaya, mutumin ya faɗa kan ƙarfen shinge ya rasa ido. Alƙali ya ba shi shekara takwas. Bai taɓa cewa an zalunce shi a kan wannan ba. Cewa yake yi, "Ido na cire masa, Nor. Ido ba wasa ba ne."

A ɗakin da aka saka shi akwai wani ɗan siririn mutum, Clarrie Munro, baƙar fata ɗan asalin ƙasar, daga mutanen bakin kogi, wanda aka ɗaure kan satar sirdi. Clarrie yana da asma, yana kuma da bakin ba'a. Shi ya koya wa Merv karatu sosai, da tsofaffin jaridun da ake naɗe sabulu a ciki. Shekara huɗu suna ɗaki ɗaya. Wata ranar Yuli, lokacin da sanyi ke tsananta a ƙasarmu, wani gandiroba mai suna Stan Gorrie ya ce Clarrie ya yi masa dariya a layi. Ya sa aka tuɓe masa rigar sanyi, aka jefa shi ɗakin duhu, wanda ba taga ba bargo, daɓen dutse ne tsirara. Bututun ruwa ɗaya ne ya haɗa ɗakin da nasu. Kwana uku Merv yana ƙwanƙwasa bututun da cokali, Clarrie yana amsawa. Safiya ta huɗu ya ƙwanƙwasa, shiru. A takarda aka rubuta ciwon zuciya.

Merv ya fito a 1967. Ya samu aiki a wurin yankan katako, ya zauna a ɗakin da ke bayan gidana. Ba ya rufe ƙofa ko ruwa ake yi. In zai ci abinci sai ya kewaye faranti da hannun hagu, ya sunkuya, ya cinye cikin minti biyu. 'Ya'yana suna yi masa dariya, yana ƙyale su. Shekara huɗu bayan fitowarsa aka rufe gidan yarin, ciyawa ta cinye filin. In hanya ta biyo da shi ta wajen, sai ya tsallaka titi.

A 1978 'yan fim suka zo daga Sydney da manyan motoci guda tara. Daraktan wani saurayi ne, Adrian Selwood, mai dogon gashi da laushin murya, irin mutanen da in suna sauraronka sai ka ɗauka babu kowa a duniya sai kai. Aka ba ni aikin girki, naman rago da dankali da shayi na mutum sittin. Wata rana Merv ya kawo mini buhun dankali, na zuba masa abinci a gefen tanti. Selwood ya tsaya da kofi a hannu yana kallon yadda yake ci.

"Wane ne wancan?" ya tambaye ni.

Da na yi shiru da babu abin da zai faru. Amma na buɗe baki na ce, "Yayana ne. Shekara takwas ya yi a cikin nan." Har gobe ina jin haushin kaina.

Sau uku Selwood yana zuwa gidana, Merv yana korarsa. A na huɗu ya zo da kwalaben giya biyu, ya zauna a kan dakali, ya ce, "Mista Tulloch, labarin da muka rubuta na ƙarya ne, ni ma na sani. Waɗanda suka rubuta shi ko ofishin 'yan sanda ba su taɓa kwana ba. In ba ka faɗa mana gaskiya ba, ƙaryar ce za ta zauna."

Merv ya ajiye kwalbarsa. Sannan ya ce, "Samari, abu ɗaya nake so. Akwai mutum mai suna Clarrie Munro. Ka rubuta sunansa a inda kowa zai gani, ka faɗi yadda ya mutu."

"Na yi maka alkawari," in ji Selwood, ya miƙa hannu. Ina tsaye a bakin ƙofa da tawul a kafaɗa, na ga sun yi musabaha.

Mako uku Merv yana amayar da abin da ni kaina bai taɓa gaya mini ba. Duk abin da mutane ke yabawa a fim ɗin, daga bakinsa ya fito: yadda ake naɗe bargo, yadda fursuna ke magana leɓensa bai motsa ba, yadda ake raba karan sigari huɗu da reza, da ƙwanƙwasa bututu da cokali. Jarumin fim ɗin kuwa bin sa yake kamar jela, yana kwaikwayon tafiyarsa. Merv yakan juyo ya ce, "Sauke kafaɗa, yaro. Tafiya kake yi kamar gidan na ubanka ne." Kowa ya yi dariya. A kwanakin nan na ga yayana ya saki jiki, har fito yake yi in yana aske gemu. Ya rubuta wa yayar Clarrie, Gwaggo Iris, wasiƙa, ya ce mata an kusa wanke ɗan'uwanta.

Sai ranar da za a ɗauki layin safe a filin gidan yarin. Aka tara mazan gari arba'in aka sa musu kayan fursuna. Selwood ya roƙi Merv ya shiga layi, wai don sauran su ga yadda ake tsayuwa. Ya ƙi, ya ƙi, daga baya ya saka kayan. Ina gefe da tukunyar shayi. Aka kunna kyamara, ƙofar ƙarfe ta buɗe, gandirobobi suka shigo. Na gaba wani tsoho ne mai tumbi da jar fuska, kulki a hammata. Ban san shi ba. Amma na ga bayan Merv ya sandare.

Stan Gorrie ne. Sun nemo shi daga bakin teku inda yake cin fansho, sun ɗinka masa sabon kaki. Ya taho yana duba layi kamar jiya ya bar aikin, har ya iso gaban Merv ya tsaya.

"A'a, Tulloch. Har yanzu ba su sake ka ba?" Ya yi murmushi. "Ina ɗan abokin nan naka mai tari?"

Na ajiye tukunyar don na tabbata za a yi kisa. Merv ya fito daga layi taku ɗaya. Ya cire hular fursunan, ya matse ta a hannu. Fuskarsa tana rawa, jijiyar wuyansa ta tashi, amma hannunsa bai ɗaga ba.

"Clarrie Munro sunansa," ya ce. Muryarsa ta cika filin. "Kwana uku ka bar shi a kan dutse. Faɗi sunansa, Gorrie. Faɗi, kowa ya ji."

Gorrie ya ja da baya, murmushin ya gudu. Ba wanda ya ce a tsayar da kyamara. Sai da Merv ya jefar da hular ya nufi ƙofa sannan Selwood ya ɗaga hannu.

Da aka zo shan shayi na ji shi da kunnena yana gaya wa mai kyamara, "Ban ce maka zai fashe ba? Wannan fuskar ko shekara za ka yi kana koya wa ɗan wasa ba zai iya ba." Ashe shi ya shirya komai. Shi ya gaya wa Gorrie inda zai tsaya da abin da zai taɓo. Na ɗauki ludayi na nuna shi da shi, na ce, "Kai ba ɗan halak ba ne. Mutum ya buɗe maka cikinsa, ka zuba masa barkono don ka samu hoto?" Ya ce, "Madam, in kin ga fim ɗin za ki gane." Na kwance ƙyallen girkin da ke ɗaure a ƙuguna na jefa masa a ƙirji. Ranar sun ci burodi da abincin gwangwani.

Na gaya wa Merv abin da na ji. Na ɗauka zai je ya karya wa yaron wuya. Sai ya ce, "Ba komai, Nor. Ai na faɗi sunan, kuma na'urarsu ta ɗauka. In wannan ne kuɗin, na biya."

Bayan shekara aka kawo fim ɗin babban zauren gari. Merv ya sayi kwat, ya hau bas mil ɗari biyu ya ɗauko Gwaggo Iris, 'yar tsohuwa da hular coci mai fure da jaka a cinya. Muka zauna mu uku a layi na biyu. Gorrie yana layin farko tare da magajin gari.

A fim ɗin, wanda ya mutu wani farin yaro ne mai kyan fuska, kuma faɗowa ya yi daga katanga wajen gudu. Tsohon gandiroba ya durƙusa a kansa yana hawaye. Ɗakin duhu kuwa jarumin aka saka, ya fito da ƙarfinsa. Sai ga layin safe, ga fuskar Merv ta cika bango. Bakinsa yana motsi, amma sun cire muryarsa, sun ɗora kiɗa. Mutane suka yi tsit, wata mata a bayanmu tana sheshsheka. Da aka zo jera sunaye na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ga Stan Gorrie, mai ba da shawara kan harkar gidan yari. Can ƙasa, tsakanin direbobi da mai kula da karnuka: Fursuna na huɗu, M. Tullock. Ko sunan ba su rubuta daidai ba. Clarrie babu shi ko'ina.

Ana tafi, Merv ya miƙe ya tari Selwood a bakin ƙofa.

"Ina sunan?"

"Mista Tulloch, na yi iya ƙoƙarina. Lauyoyi suka hana. Mista Gorrie yana raye, zai iya kai mu kotu. Amma ruhin abokinka yana cikin kowane..."

"Ruhinsa ban roƙe ka ba. Suna na ce."

Gwaggo Iris ta dafa hannun Merv. Ta ɗaga kai ta dubi Selwood, ta ce, "Ɗana, wancan mutumin kashe shi kawai ya yi. Kai kuwa ka zo ka ce ba a ma haife shi ba." Ta juya ga Merv. "Kai ni tasha, Mervyn. Na ga abin da ka kawo ni in gani."

Fim ɗin ya ci kyaututtuka, har ƙasashen waje. Selwood ya yi suna, an ci moriyar ganga an yar da kwaurenta. A hirarrakinsa yakan ce fuskar nan ta wani mutumin gari ce da suka tsinta a mashaya, wai ransa ya ɓaci ne don an makara da abincin rana. Abincin da ni na dafa, wanda bai taɓa makara ba ko sau ɗaya. Wannan ƙaryar ce ta shiga littattafai, ita ce kuma masu zagayawa da baƙi suke maimaitawa, baƙin suna dariya.

Da hukumar gari ta mai da gidan yarin wurin yawon buɗe ido a 1983, Merv ya sayi tikiti kamar kowa, ranar Asabar da hantsi. Ya shiga ɗakin duhu, ya ciro kurfi da guduma daga kwat ɗinsa, ya fara sassaƙa sunan Clarrie a bango a gaban baƙi goma sha biyu. Mai gadin wurin ɗan ajinmu ne, Col Brennock. Ya zo da gudu ya ce, "Merv, don Allah, aikina za ka ci." Merv ya ce, "Saura harafi uku, Col. Je ka kira 'yan sanda, kafin su zo na gama." Col ya tafi, kuma a hankali ya tafi.

Aka ci shi tara, aka shafe wurin da siminti. Bayan wata biyu ya koma ya sake. Aka sake shafewa, aka hana shi shiga. A karo na uku ni na shiga da kurfin a cikin jakata, shi kuma ya biyo ayarin wasu tsofaffi da hular kaboyi a kan ido. Daga nan hukumar ta gaji, ta bar shi. Sunan yana nan, da shekarar mutuwarsa, 1963, a ƙasansa, haruffan sun karkace don hannunsa ya riga ya fara rawa.

Gorrie ya mutu a gadonsa, jaridar gari ta sa hotonsa da kakin fim. Merv ya bi shi a 1989, ciwon huhu, ƙurar katako ta shekara ashirin. A asibiti ya sa na yi masa alkawarin zan riƙa aika wa Gwaggo Iris katin Kirsimeti, na kuwa yi har ta rasu. Selwood ya aiko da furanni wurin jana'iza, manya, farare, da ɗan kati mai sa hannunsa. Na ba ɗana Ross, na ce ya kai wa awakin maƙwabta.